Filin Masu Karatu: Misty Copeland da Tsanin Rawar Bale

Tun da Misty Copeland ta yi rawarta ta bankwana a birnin New York cikin watan Oktoba na 2025, wasiƙu suke ta shigo mana a kanta da kuma irin rawar da ta yi suna da ita. Mun tsamo waɗanda suka fi maimaituwa. Kalma ɗaya kafin mu shiga: sunan rawar daga Faransanci ya fito, suna rubuta shi da harafin "t" a ƙarshe amma ba su furta shi, don haka muka rubuta "bale" yadda kunne ke jin sa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa wata Ba'amurkiya baƙar fata ta yi ritaya bayan ta kai matsayin "firinsifal" a rawar bale. Ni dai firinsifal ɗin da na sani shi ne shugaban makarantar sakandare. Makaranta take shugabanta ko yaya? (Wani malamin makaranta, Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta shugabantar kowa, ba ta da ofis. Muƙami ne na dandamali, kuma shi ne ƙololuwa.

Kamfanin bale kamar tsani yake. A kamfanin American Ballet Theatre, da ake taƙaitawa ABT, inda Misty ta yi aikinta kaf, matakin ƙasa shi ne ayari. Su ne 'yan rawan da ke fitowa da yawa cikin sutura iri ɗaya, su jera sahu, su ɗaga hannu lokaci guda, su sauke lokaci guda. Gwanintar 'yar ayari ita ce kada a ware ta daga sauran. In idon ɗan kallo ya tsaya a kanta ita kaɗai, yawanci kuskure ta yi. Sama da ayari akwai masu rawar tilo, waɗanda ake ba wa gajerun fitowa na minti biyu ko uku su kaɗai. Can bisa kuma sai manyan 'yan rawa, su ake ce wa firinsifal. Su ke ɗauke da jarumtar wasan da zai ci awa biyu zuwa uku, sunansu ake bugawa a takardar talla, kuma saboda su mutane ke yankar tikiti. A kamfani mai 'yan rawa 80 zuwa 90, ba su cika kai 20 ba, maza da mata.

Babu jarrabawa, babu lissafin daɗewa a aiki. Daraktan fasaha na kamfanin ne ke yanke shawara, kuma ana iya shekara 20 a ayari a yi ritaya a nan. A Faris tsarin ya ɗan bambanta: matakai biyar ne, a al'adance ana hawa da gasa ta cikin gida, sai na ƙarshe da suke kira "tauraro", wanda ake naɗawa a kan dandamali bayan an tashi wasa, a gaban jama'a.

Ita Misty an haife ta ranar 10 ga Satumba, 1982, a Kansas City, ta tashi a unguwar San Pedro ta Los Angeles, ɗaya daga cikin 'ya'ya shida. Akwai lokacin da ita da mahaifiyarta da 'yan'uwanta suke cunkushe a ɗakin wani ƙaramin masaukin baƙi. Darasinta na farko a filin ƙwallon kwando na wata cibiyar yara ta Boys & Girls Club aka yi shi, tana da shekara 13, da gajeren wandon motsa jiki da safa. Malamar, Cynthia Bradley, ta ga abin da ta gani, ta ɗauke ta zuwa makarantarta, daga baya ma ta koma da ita gidanta, lamarin da ya kai ga shari'a tsakanin malamar da mahaifiyar a 1998. Tana da shekara 15 ta zo ta ɗaya a gasar matasan masu fasaha ta Los Angeles. Ta shiga ƙaramin kamfanin ABT na masu tasowa a Satumba 2000, ta shiga ayari a Afrilu 2001, ta zama mai rawar tilo a Agusta 2007. Sai ranar 30 ga Yuni, 2015, darakta Kevin McKenzie ya sanar da ɗaga ta zuwa firinsifal, tana da shekara 32. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta kai wannan matsayi a cikin shekaru 75 na kamfanin.

Ka duba lissafin, Malam: shekara shida a ayari, takwas a rawar tilo. Kuma muƙamin bai ɗauke mata komai daga wahalar yau da kullum ba. Firinsifal da sabuwar 'yar ayari duk darasin safe ɗaya suke shiga, na awa ɗaya da rabi, kwana shida a mako. Ana farawa ne riƙe da sandar da ke jikin bango, a yi ta lanƙwasa gwiwa da miƙe ƙafa a hankali, sannan a fito tsakiyar ɗaki a yi juye-juye, a rufe da tsalle. Bayan nan ne atisayen wasa ke farawa, ya kai yamma, in ranar wasa ce a hau dandamali da dare.

TAMBAYA: Don Allah da gaske a kan tsinin yatsu suke tsayawa, ko katako ne a cikin takalmin? Ni mai ɗinkin takalma ne, abin ya daɗe yana ba ni mamaki. (Daga Kwari, Kano)

AMSA: Da gaske ne, Malam, kuma babu katako, babu ƙarfe. Tun da sana'arka ce, bari mu warware maka shi.

Sassa uku ne masu muhimmanci. Na farko akwatin gaba, inda yatsu ke shiga. Da yadi mai kauri da takarda ake yin sa, a jera su hawa-hawa ana shafa gam a tsakani, a siffanta da guduma tun yana ɗanye, a busar a cikin tanda har ya ƙame. In ka ƙwanƙwasa sabo a tebur za ka rantse itace ne. Na biyu hancin akwatin, wanda aka daddale ya yi lebur. Faɗinsa bai kai na kwalin ashana ba, kuma a kansa ne duk nauyin mace yake sauka. Na uku ƙashin takalmin, wato wani tsiri mai tauri na kwali da fata da ke kwance ƙarƙashin tafin ƙafa, shi ke tallafe bakan ƙafa in an miƙe. A waje a lulluɓe da yadi mai sheƙi. Manyan masu yin sa, irin su Freed of London, har yau da hannu suke yi, kowane maɗinki yana buga tambarinsa a tafin takalmin, kuma 'yar rawa kan manne wa maɗinki guda shekara da shekaru.

Abin lura shi ne yatsu a miƙe suke a ciki, ba a naɗe ba. Akwatin yana matse ƙafa ta gefe da gefe, don nauyi ya rarrabu a jikin ƙafar maimakon ya taru a kan babban yatsa. Shi ya sa awo yake da muhimmanci ƙwarai. In akwatin ya yi faɗi, ƙafa sai ta zurma, farcen babban yatsa ya daki hancin, jini ya taru ƙarƙashinsa ya yi baƙi, daga baya ya fita. In ya yi ƙunci, sai bororo da kanta da kumburin gaɓar babban yatsa. Farce ma a miƙe ake yanke shi, ba a zagaye gefe, don kada ya shige cikin nama.

Sabon takalmi ba shi da hagu da dama, ba shi da maɗauri. Kowace 'yar rawa, har firinsifal, ita ke zama da zare da allura ta ɗinka ƙyallen ɗauri huɗu, kowane kimanin santimita 55, da roba ta wajen dunduniya. Ƙulli kuma a cikin ɗan kwarmin da ke tsakanin idon sawu na ciki da jijiyar agara ake yin sa. In aka ɗora shi a kan jijiyar kanta, kumburi ne zai biyo baya. Daga nan sai horar da takalmin: a bubbuga shi a siminti don ya rage ƙara a dandamali, a matse akwatin da hannu ko a bakin ƙofa, wasu su yanke kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin ta wajen dunduniya don ya bi bakan ƙafarsu, a kakkarce tafin da wuƙa, a taka garin ƙaro don kada a zame.

Bayan duk wannan aiki, takalmin ba ya jimawa. Zufa ce ke kashe shi, domin tana narkar da gam. Ɗaliba kan samu awa 10 zuwa 20 na rawa daga ƙafa biyu, firinsifal kuwa tana iya gama da su a dare ɗaya. Kuɗinsu ya kusa dala 100, kuma kamfanin New York City Ballet kaɗai yana cin dubbansu a shekara. Mataccen takalmi haɗari ne, don ƙafa na wuce gona da iri a kansa, targaɗe ya shigo ta nan.

Akwai kuma batun launi, wanda ya shafi Misty kai tsaye. Manufar takalmin ita ce ya saje da fatar ƙafa, ƙafar ta yi kamar ta ƙara tsawo. Amma shekaru aru-aru launi ɗaya ake yi, na fatar Bature. Don haka 'yan rawa baƙar fata sai su sayi fankeke ko man kwalliyar fuska mai launin jikinsu, su yi ta shafawa da soso har ƙyallen ɗaurin, kowane takalmi, kowane mako. Aikin na cin lokaci da kuɗi, kuma danshinsa na ƙara saurin mutuwar takalmin. Sai a 2017 kamfanin Gaynor Minden ya fito da launukan baƙar fata, Freed ya bi a 2018 tare da haɗin gwiwar kamfanin rawa na Ballet Black da ke Landan.

TAMBAYA: 'Yata tana da shekara 12, a makarantarsu ana koyar da bale sau ɗaya a mako. Ta ga bidiyon Misty, yanzu kullum maganarta in saya mata takalmin tsini ta intanet, wai ai Misty ma a 13 ta fara kuma cikin wata uku ta hau yatsu. In saya? Sannan shigar tasu tana damuna. (Wata uwa, Abuja)

AMSA: Hajiya, kada ki saya tukuna. Abin da 'yarki ta faɗa gaskiya ne, amma ba abin koyi ba ne. Misty ta zo da jiki na daban: bakan ƙafa mai zurfi, gaɓoɓi masu laushi, da ido mai kama motsi daga gani ɗaya, sannan tana ƙarƙashin malama kusan kullum. Kuma za ki ga a amsa ta gaba abin da jikin nata ya biya daga baya. Yawancin ƙwararru a shekara 7 ko 8 suke fara darasi na sosai.

Ƙa'idar da malamai da likitocin ƙashi suka fi yarda da ita ita ce yarinya ta kai shekara 11 zuwa 12, ta yi aƙalla shekara uku tana koyo, kuma tana zuwa darasi sau biyu ko uku a mako. Sau ɗaya a mako bai gina ƙarfin da ake buƙata. Dalili kuwa, ƙarshen ƙasusuwan ƙafar yaro guringuntsi ne da bai gama ƙosawa ba, in aka loda masa nauyi da wuri yana iya karkacewa har abada. Ga gwaji mai sauƙi da malamarta za ta iya yi: ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga dunduniya har sama ta sauke, sau 15 zuwa 20, gwiwa a miƙe, idon sawu bai karkata ciki ko waje ba. Sannan ta lanƙwasa gwiwar ƙafar da ta tsaya a kai, a duba ko gwiwar na bin saitin yatsa na biyu. In gwiwar na faɗawa ciki, da saura. Takalmin farko kuma ba a sayen sa daga nesa, sai an gwada a ƙafa a gaban wanda ya san aikin.

Abu biyu za ki sa wa ido tun yanzu. Na ɗaya, buɗe ƙafa. A bale ana juya ƙafafu waje, dunduniya na haɗe, yatsu na kallon gefe da gefe. Daga gaɓar ƙugu juyin ya kamata ya fito. Yara masu gaggawa sukan murɗa tafin ƙafa da ƙarfi su bar ƙugu a baya, sai gwiwa ta ɗauki murɗiyar, bakan ƙafa ya rushe ciki. Na biyu, daɓe. Ki je ki ga ɗakin da idonki. Daɓen bale na katako ne da aka ɗora kan abin da ke lotsawa kaɗan in an dira. In siminti ne ko tayil, a rage tsalle sosai. Kina iya tuna bidiyon Anthony Madu, yaron Legas ɗan shekara 11 da ya yi rawa ba takalmi cikin ruwan sama a 2020, wanda ya ja masa tallafin karatu daga makarantar ABT, daga baya ya tafi makarantar Elmhurst a Birmingham ta Ingila. Duniya ta ga baiwa, kuma baiwar ce. Mai koyarwa kuwa, bayan baiwar, simintin da ke ƙarƙashin ƙafar yaron zai gani, hankalinsa ya tashi.

Batun shiga kuma, dalilin matsattsun kaya a darasi shi ne malama ta ga layin gwiwa da ƙugu don ta gyara kafin a ji ciwo. Ana iya samun wannan a ajin mata zalla, da dogon wando da riga mai dogon hannu da siket a sama. Ki zauna da malamar ki faɗa mata iyakarki. Hukuncin addini a kan rawa da kiɗa kuwa, malamanki ne za su ba ki shi, mu na jiki da sana'a muka sani.

TAMBAYA: Ina karatun gashin ƙashi. Na karanta cewa Misty ta yi rawa da karaya shida a ƙafa ɗaya. Ta yaya mai karaya zai tsaya, balle ya yi tsalle? (Wani ɗalibi, Zariya)

AMSA: Ɗan'uwa, ba irin karayar hatsarin mota ba ce, tsagewar gajiya ce. Ƙashi abu ne mai rai, kullum yana ɗan tsagewa yana ɗinke kansa. In duka ya fi ɗinki sauri, sai tsagar ta yi ta zurfi, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya.

A 2012 mai tsara rawa Alexei Ratmansky ya ba Misty jarumtar wasan Firebird, dama mafi girma da ta samu tun shigarta kamfanin. Rawa ce mai yawan tsalle, kuma tana atisayenta ne a kan sauran aikinta na yau da kullum. Ƙwaurinta na hagu ya fara ciwo, ta yi shiru don tsoron kada a ba wata. Sau ɗaya ta yi wasan a babban zauren Metropolitan na New York cikin watan Yuni, ta janye. Hoto ya nuna tsaga shida a ƙashin ƙwauri, uku daga cikinsu irin da likitoci ke kira "baƙin layi", wanda ya kusa ratsa ƙashin. A Oktoba aka yi mata tiyata aka ɗaure ƙashin da faranti na ƙarfe. Tana jinya tana yin darasinta a kwance a ƙasa, don tsoka ta ci gaba da aiki ba tare da nauyi ya hau ƙafar ba. Ta koma dandamali a Mayu 2013.

Abin da ya sa tsagar gaban ƙwauri ta fi muni: in an dira daga tsalle, gaban ƙashin miƙewa yake yi, bayansa ya matse, don haka kowane dira buɗe tsagar yake yi. Ga shi jini ba ya isa wurin da yawa. Tsagar bayan ƙwauri na iya warkewa cikin mako shida zuwa takwas na hutu, ta gaba kuwa watanni take ci, sau da yawa sai da tiyata. A wajen 'yan bale, wani wurin da ke yawan tsagewa shi ne gindin dogon ƙashi na biyu na tafin ƙafa.

Yadda za ka bambanta ta da ciwon tsokar ƙwauri: mai ciwon tsoka da tafin hannu yake nuna maka wuri mai tsawo, kuma ciwon na lafawa in jiki ya yi ɗumi. Mai tsaga da yatsa ɗaya yake nunawa, ciwon na ƙaruwa da aiki, daga baya har da dare, kuma ba ya iya ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a mako biyu ko uku na farko, sai hoton MRI, wato na na'urar maganaɗisu. Ja da murza ba su da amfani a nan, ɗauke nauyi ne maganin farko. Za ka haɗu da irinta a wajen kuratan soja da 'yan ƙwallon da ke atisaye a busasshen fili.

Musabbabai kuwa: ƙara aiki farat ɗaya, daɓe mai tauri, dira ba tare da sauke dunduniya ƙasa ba, da wanda aka fi ɓoyewa, wato ƙarancin abinci. Yarinyar da ke ƙona fiye da abin da take ci, al'adarta kan jinkirta ko ta ɗauke, ƙashinta ya yi rauni. Misty da kanta ta ba da labarin cewa ba ta fara al'ada ba sai tana da shekara 19, kuma a farkon shigarta ayari ta samu irin wannan tsaga a ƙashin baya, wadda ta zaunar da ita kusan shekara. In 'yar wasa ta zo maka da ciwon ƙwauri, tambayar abin da take ci da batun al'adarta na cikin aikin, a yi ta cikin mutunci, in da hali ta bakin ma'aikaciya mace.

TAMBAYA: Na ga ana muhawara cewa suna ne ya ɗaga ta, ba iyawa ba, wai ko "juyi 32" ba ta iya kammalawa. Mene ne juyi 32, kuma ina gaskiyar take? (Wata ɗaliba, Damagaram)

AMSA: 'Yar'uwa, a wasan Swan Lake yake, wanda Tchaikovsky ya yi wa kiɗa, aka fara nunawa a Mosko a 1877, aka sake tsara shi a 1895 zuwa siffar da aka sani yau. Mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin mutum biyu: Odette, gimbiyar da aka yi wa sihiri ta zama farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, da Odile, mayaudariyar da ta ɗauki kamanninta. A kashi na uku Odile ke yin juyin, wanda Ba'italiya Pierina Legnani ta shigo da shi. Sunansa "fuwete", ma'ana bulala.

Ga yadda yake. Tana tsaye a ƙafa ɗaya, yawanci ta hagu. Ta sauke dunduniya ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙa ƙafar dama gaba daidai ƙugu, ta share ta zuwa gefe, sannan ta fizgo ta zuwa gwiwar hagu a daidai lokacin da take hawa tsinin yatsu. Wannan fizgar ce ke juya ta. Kai kuma ya tsaya yana kallon wuri ɗaya, ya zama shi ne na ƙarshen barin gaba kuma na farkon dawowa, don kada jiri ya ɗebe ta. Sau 32 a jere, cikin kamar rabin minti, bayan an riga an yi sama da awa guda ana rawa. Inda ake faɗuwa: sharaɓa ta gaji dunduniya ta daina sauka sosai, ko ƙafar dama ta yi ƙasa fizgar ta rasa ƙarfi, ko ƙugun dama ya ɗaga, sai ta fara tafiya a dandamali maimakon ta tsaya wuri guda.

Gaskiya ne Misty ta sha kasa kammala su. A fitowarta ta New York a Yuni 2015 ta canza zuwa wani juyi kafin ƙarshe, kuma a 2018 an yaɗa bidiyon wasanta na Singafo ana yi mata ba'a, ita kuma ta sake yaɗa shi da kanta ta amsa cewa tana ci gaba da koyo. Ki tuna ƙafar da ake tsayawa a kai ita ce wadda aka yi wa tiyata. Ba ita ce farau ba kuma: Maya Plisetskaya ta Rasha, wadda babu mai musun girmanta, takan maye gurbin fuwete da wasu juye-juye masu kewaya dandamali.

Ra'ayinmu shi ne, a tsantsar juyi akwai tsararrakinta da suka fi ta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sunan da ta yi a waje, da rawar da ta yi da mawaƙi Prince tun 2009, da tallan kamfanin kayan wasanni na Under Armour na 2014, da fitowa a bangon mujallar Time a 2015, duk sun sa kamfanin ba zai iya kau da kai ba, kuma ta cika zaure da mutanen da ba su taɓa taka shi ba. Amma rabin minti ba shi ne wasan awa biyu da rabi ba. Ƙarfinta yana wajen ba da labari da jiki da kuma jin kiɗa. A kalli fitowarta a matsayin Juliet, jarumar wasan Romeo and Juliet, yadda take shigowa yarinya mai rawar kai ta fita mace mai ɗauke da baƙin ciki, babu kalma ko ɗaya. Wanda ya yi shekara 14 yana hawa tsanin, ya dawo daga tiyata, ba za a ce talla ce kaɗai ta kai shi ba.

TAMBAYA: Ita ce baƙar fata ta farko da ta zama firinsifal a duniya? (Daga Kumasi)

AMSA: A'a, a ABT ne, kuma a cikin mata. Arthur Mitchell ya zama firinsifal a New York City Ballet a 1962, ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969. Lauren Anderson ta kai matsayin a Houston Ballet a 1990. A ABT ɗin ma namiji, Desmond Richardson, ya riga ta a 1997. Carlos Acosta ɗan Kyuba ya yi shekaru yana haskawa a Royal Ballet ta Landan. A Faris kuwa sai a 2023 aka naɗa baƙar fata na farko tauraro, Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne.

Sunan da ya kamata a riƙe shi ne Raven Wilkinson, wadda ta shiga kamfanin Ballet Russe de Monte Carlo a 1955, ta sha barazanar masu wariyar launin fata a rangadin kudancin Amurka har ta bar kamfanin, daga baya ta tafi Holan ta ci gaba. Ta zama uwar ɗakin Misty, kuma ita ta hau dandamali ta miƙa mata furanni a daren Swan Lake na New York. Ta rasu a 2018.

Hujjar da aka daɗe ana fakewa da ita ita ce wai ayari sai ya zama launi ɗaya, kuma jikin baƙar mace ya cika tsoka. Misty ta yi kusan shekara goma ita kaɗai ce baƙar mace a cikin 'yan rawa 80.

TAMBAYA: Me ya sa ta yi ritaya tana da sauran ƙuruciya, kuma me take yi yanzu? (Wata mai karatu, Maraɗi)

AMSA: A wannan sana'a, Hajiya, shekara 43 tsufa ne. Da yawa suna sauka tsakanin 35 da 40, a Faris ma doka ce a sauka a 42. Ƙugu da gwiwa da idon sawu ne ke fara gazawa, tsalle ya rage tsawo, murmurewa bayan wasa ta ƙara daɗewa. Misty ta yi kusan shekara biyar ba ta hau dandamalin ABT ba, tun lokacin annobar korona, a tsakani ta haihu a 2022. Sai da ta sake gina jikinta kafin daren bankwana na 22 ga Oktoba, 2025, inda ta fito a matsayin Juliet tare da Calvin Royal III, baƙar fata da ya zama firinsifal a 2020. A ranar da ta sauka, babu wata baƙar mace a wannan muƙami a kamfanin.

Ta rubuta littattafai, ciki har da tarihin rayuwarta na 2014 da na yara. Babban aikinta yanzu shi ne gidauniyarta, wadda ta ƙaddamar da shirin BE BOLD a 2022. Darasin bale ne kyauta bayan tashi daga makaranta, wanda aka fara da yara 'yan shekara 8 zuwa 10, a unguwannin Bronx da Harlem na New York, ana yin sa da makaɗa a cikin ɗaki, a cibiyoyin yara irin wadda ita ma ta fara a cikinta.